Kayan Gyaran da Ya Kamata a Ɗauka a Motar Gida: Ƙaramar Jaka, Akwati Matsakaici, ko Cikakken Gareji?

Motar gida, wato babbar motar da aka gina wa ɗakin kwana da kicin da banɗaki a bayanta, abubuwa biyu ne aka haɗa wuri guda, kuma kowannensu da irin lalacewarsa. A ƙasa akwai motar ɗaukar kaya ta yau da kullum, galibi Fiat Ducato ko Mercedes Sprinter ko Ford Transit, wadda kusan kowane bakanike ya san cikinta. A sama kuma akwai gida mai famfon ruwa da hita da firji da masai, waɗanda wasu kamfanoni dabam irin su Truma da Dometic da Thetford suke ƙerawa, kuma da wuya a tarar da kayansu a shagon safayar motoci na gefen titi. Wanda ya sayi irin wannan mota yakan tsinci kansa tsakanin shawarwari biyu masu karo da juna. Wasu za su ce masa ya ɗauki waya da katin kamfanin agajin hanya kawai, wasu kuma za su miƙa masa jerin kaya mai tsawon da zai cika rabin ma'ajiyar motar. A aikace zaɓi uku ne a gabansa: ƙaramar jaka, akwati matsakaici, da cikakken gareji.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Nauyi shi ne ma'auni na farko, kuma shi ne wanda sababbin masu mota suka fi rainawa. Kowace mota tana da iyakar nauyin da doka ta yarda ta kai, an buga shi a wani ɗan faranti a jikinta, tare da iyakar abin da ƙafafun gaba da na baya za su ɗauka kowanne a kan kansa. A Turai lasisin tuƙi na gama-gari ya tsaya ne a kilo 3,500, shi ya sa ake yi wa motocin gida da yawa rajista a daidai wannan adadi, alhali ginin da aka ɗora musu ya riga ya cinye mafi yawansa. Abin da ya rage, wanda sau da yawa bai wuce 'yan ɗaruruwan kilo ba, shi ne za a raba wa fasinjoji da ruwa da gas da abinci da tufafi. Tankin ruwa mai lita 100 kilo 100 ne cif, tukunyar gas ta ƙarfe mai cin kilo 11 kuwa idan ta cika tana haura kilo 20. Saboda haka duk sifanar da aka jefa cikin akwati, wani abu ne aka hana wa wuri. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: babbar ma'ajiyar motar tana can baya da tayoyin baya, kuma kayan da aka ajiye a wurin suna danna ƙafafun baya da fiye da nauyinsu, suna kuma rage wa na gaba kamun ƙasa. Kafin a yanke shawara kan komai, ya dace a loda motar kamar za a yi tafiya, a hau da ita sikelin manyan motoci, a auna gaba da baya dabam-dabam.

Na biyu shi ne kuɗi, kuma ba farashin kayan kaɗai ake dubawa ba, har da abin da rashinsu zai jawo na kuɗin janwe da kwanakin jira. Na uku karko ne, domin kaya yana tsufa ko ba a taɓa shi ba: roba tana bushewa ta tsage, gam yana daskarewa a cikin bututunsa, batir yana zubar da caji, ƙarfe yana tsatsa a ma'ajiya mai laima.

Na huɗu shi ne sauƙin amfani, kuma a nan ne nake ganin ya kamata a raba kayan aiki da safaya, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Kayan aikin da mai mota bai iya amfani da shi ba nauyin banza ne, tunda bakaniken da zai zo zai zo da nasa. Safaya kuwa tana da amfani ko da mai motar bai san inda ake ɗaura ta ba, saboda hannun da zai ɗaura ana samunsa a kusan kowane gari, amma ainihin abin da ya dace da motar na iya ɗaukar kwanaki kafin ya iso. Na biyar haɗari ne, kuma fuska biyu gare shi: ko lalacewar abin za ta tsayar da tafiya gaba ɗaya ko kuwa takura ce kawai, sannan ko gyaran da kansa zai iya jikkata mai yinsa.

Zaɓi na farko: ƙaramar jaka da katin agajin hanya

Wannan jaka ba ta wuce 'yan kilo kaɗan ba. A cikinta akwai sukudireba mai baki iri-iri, filaya, sifana mai daidaituwa, tocilar da ake ɗaurawa a goshi, salatif mai ƙarfi, maɗauran roba, safar hannu, gejin auna iskar taya, ƙwayayen fitila, da fis na kowane girman da motar ke amfani da shi. Ga taya kuma, an dogara ne da kwalbar ruwan toshe huda da ƙaramin injin ba da iska, waɗanda masu ƙera motoci da yawa suke bayarwa yanzu a madadin safayar taya. Sauran duk an bar wa kamfanin agajin hanya.

Ta fuskar kuɗi da nauyi babu wanda ya kai ta sauƙi, kuma duk abin da ke ciki ba ya bukatar ƙwarewa. Fis shi ne tauraronta. Ana gane ƙarfinsa da launi: mai amfiya 10 ja ne, mai 15 shuɗi, mai 20 rawaya, mai 30 kore. Abin da ke ba mutane wahala shi ne fis ɗin motar gida ba a wuri ɗaya suke ba, akwai na ƙarƙashin dashbod, da na wajen inji, da na akwatin rarraba wutar ɗaki, da wani babba kusa da batirin ɗaki, kuma girmansu ya kan bambanta. Wanda ya nemo su duka da rana tsaka a gida, ya ɗauki hotonsu, ya hutar da kansa laluben dare. Idan sabon fis ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge a wani wuri, kuma sa mafi girma ko naɗe tsohon da waya hanya ce ta jawo gobara a ɗakin da aka gina da katako da soso.

Raunin wannan zaɓi yana cikin katin da aka dogara da shi. Ya wajaba a karanta sharuɗɗansa, domin wasu kamfanonin suna da iyakar nauyi da tsawo da tsayin motar da za su ja, wasu ba sa aiki a wajen ƙasa ko a hanyar da ba kwalta, kuma janwen da ke ɗaukar ƙananan motoci ba zai ɗauki mai tsawon mita 7 ba, sai an jira babba. Katin kuma ba ya amfani a inda waya ba ta da sabis. Sannan agajin hanya injin mota yake dubawa. Idan famfon ruwan ɗaki ne ya mutu a daren hutun ƙarshen mako, babu wanda zai taso dominsa.

Zaɓi na biyu: akwati matsakaici

A nan an ɗauki duk abin da ke cikin ƙaramar jaka, an ƙara masa safayar taya ta gaske da kayan canza ta, saitin soket da sifanoni, mitar auna wuta, na'urar karanta kwamfutar mota, abin tayar da batir, da zaɓaɓɓun safaya na inji da na ɗaki. Ban da safayar taya, ana iya tsare shi a abin da mutum ɗaya zai ɗaga ba tare da wahala ba. Tun da yake nan ne mafi yawan masu mota suke ruɗewa, ya kamata a bi manyan sassansa ɗaya bayan ɗaya.

Batun taya ya fi komai nauyi, a ma'ana ta zahiri ma, domin taya mai inci 16 da wilinta na ƙarfe tana kaiwa kilo 25 zuwa 30, kafin a haɗa jak da abin rataye ta. Hanyoyi uku ne ake fuskantar faci da su. Ruwan toshe huda ba shi da nauyi kuma ba ya bukatar ɗaga mota, amma ƙaramar huda a fuskar taya kawai yake iya toshewa, bayan an zuba shi ba a wuce gudun kilomita 80 a awa, yana da ranar daina aiki a jikin kwalbar, kuma yana ɓata cikin taya har wasu masu faci su ƙi gyara ta. Igiyar faci mai danƙo, wadda ake cusawa daga waje a ramin da ƙusa ta bari, ta fi shi araha da daɗewa a ajiye, sai dai tura ta cikin taya mai wayoyin ƙarfe na son ƙarfin damtse, kuma a wasu ƙasashe ana ɗaukarta gyaran wucin gadi ne har sai an cire tayar an liƙe ta ciki. Dukansu biyu ba su da amfani idan gefen taya ne ya yage ko ta fashe, kuma wannan ita ce irin mutuwar da tayar motar gida ta fi yi, saboda tana ɗauke da kaya kusan iyakar ƙarfinta a kullum, tana kuma shafe watanni a tsaye a rana. Irin wannan taya tsufa ke kashe ta tun zanenta bai goge ba. Ana gane shekarunta daga lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefenta: 2321, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Ga wanda zai yi nisa da manyan garuruwa, ni dai ban ga abin da zai maye gurbin safayar taya ba, musamman da yake tayoyin da aka ƙera don motocin gida, masu alamar CP, ba kowane shago ke ajiye su ba.

Amma mallakar safayar taya dabam, iya sa ta dabam. A ɗauka tayar baya ce ta sace a gefen hanya mai ƙasa mai laushi. Da farko motar ta zauna ƙasa, ta yadda jak mai siffar kwalba, wanda ya shiga ƙarƙashinta lafiya lau lokacin da aka gwada shi da taya cike, yanzu ba zai shiga ba. Dabarar ita ce a hau da tayar da ta sace kan ɗaya daga cikin matakalan robar da ake daidaita tsayuwar mota da su, sai wuri ya samu. Ana bukatar katako mai kauri a ƙarƙashin jak ɗin don kada ya nutse, da waigi a gaba da bayan tayar da ke ɗaya kusurwar, da birkin hannu a ja. Notunan ana sassauta su ne tun mota tana ƙasa, kuma a nan ne guntuwar sifanar da ta zo da motar take ba da kunya, domin notunan Ducato ana ɗaure su da ƙarfin da ya kai 160 zuwa 180 a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm, kuma idan da injin iska aka ɗaure su a gareji sun fi haka. Sai da doguwar sanda mai kamar santimita 60 da soket mai kauri. Safayar kanta, idan a ƙarƙashin mota take rataye, mai yiwuwa abin sauke ta ya yi tsatsa ya cije, ko kuma iskarta ta zube tuntuni. Idan wilin motar na alminiyam ne safayar kuma ta ƙarfe, a wasu motocin notunansu ma ba ɗaya ba ne. Bayan an ɗaura, ana ƙara duba ɗaurin notunan idan an yi tafiyar kamar kilomita 50. Duk waɗannan abubuwa ana gano su ne da gwaji ɗaya a wuri mai kwanciyar hankali kafin tafiya. Wanda ya gwada ya ga aikin ya fi ƙarfinsa, ya ajiye babban jak ɗin a gida ya tafi da tayar kawai, mai agaji zai ɗaura masa. Haka nan idan tayar da ta sace tana ɓangaren da motoci ke wucewa a babbar hanya, gara a fita a tsaya nesa a kira taimako. Kuma ko da wasa ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Injin ba da iska ma sai an zaɓa. Tayoyin baya na motocin gida da yawa suna son iska har 5.5 a ma'aunin matsin iska na bar, kuma ƙananan injinan da aka yi don motocin shiga sukan yi zafi su mutu kafin su kai can.

Wajen tayar da batirin da ya mutu, zaɓi biyu ne. Wayar haɗa batir ba ta tsufa, ba ta da tsada, amma sai an sami wata motar da za ta ba da wuta, kuma injin dizal yana jan wuta da yawa wajen tashi, saboda haka siririyar waya ba za ta yi ba, a nemi mai kaurin milimita murabba'i 25 ko fiye, mai tsawon da zai kai. Ƙaramin batirin lithiyam na tayar da mota ba ya bukatar kowa, shi ne fifikonsa ga mai kwana a wuraren da ba mutane, amma ya fi tsada, yana son a riƙa yi masa caji kowane 'yan watanni, sanyi yana rage masa ƙarfi, zafi mai tsanani kuma yana lalata shi. Ya kamata a san inda za a maƙala shi tun kafin bukata, domin a Ducato na zamani batirin inji yana ƙarƙashin daben wajen direba ne, an dai fito da wurin maƙalawa a gaban inji.

Mitar auna wuta ba ta kai nauyin wayar hannu biyu ba, amma tana raba gardama da yawa. Batirin dalma da ya cika ya huta yana nuna kusan bolt 12.6 zuwa 12.7, idan ya sauka wajen 12.1 ya yi rabi, idan kuma inji yana aiki ana sa ran ganin wajen 14, alamar altaneta tana caji. Da ita ake gane ko famfo ne ya mutu ko wuta ce ba ta isa gare shi ba. Na'urar karanta kwamfutar mota, wadda ake soka wa a wani rami mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, ba ta gyara komai, amma idan fitilar gargaɗi ta kama a dashbod tana faɗin lambar matsalar, kuma da wannan ne mutum zai tambaya ko zai iya lallaɓawa zuwa gari na gaba ko ya kashe inji nan take.

Safayar inji da ta cancanci wuri kaɗan ce: fambel, filtar dizal, litar baƙin mai irin wanda littafin motar ya ambata, da ɗan ruwan lagireto. Fambel ba shi da nauyi, kuma idan ya tsinke altaneta ta daina caji, a wasu injinan har sitiyari ya yi tauri. Dabara mai araha ita ce, idan an canza shi a lokacin sabis, a karɓi tsohon a ajiye, tunda an tabbatar ya dace, a kuma ɗauki hoton yadda ya zagaya. Komai za a saya, a saye shi da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, domin mota iri ɗaya ta shekara ɗaya tana iya zuwa da inji dabam. Ruwan AdBlue na rage gubar hayaƙin mota, wanda sababbin injinan dizal ba sa tashi idan ya ƙare, ana samunsa a gidajen mai a ƙasashen da irin waɗannan motoci suka yawaita, kuma zafi yana lalata shi a ajiye, don haka sai mai zuwa inda ba a sayar da shi ne zai yi guzurinsa.

Ɓangaren ɗaki shi ne inda karin maganar nan ta guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni ta fi dacewa, domin kayansa ƙanana ne, masu araha, kuma masu wuyar samu. Idan famfon ruwan motar irin wanda ake nutsarwa cikin tanki ne, bai wuce cikin tafin hannu ba, ba ya daɗewa, kuma canza shi waya biyu ce da tiyo ɗaya, saboda haka a ɗauki na biyu. Idan kuwa babban famfo ne mai matsa ruwa, ya fi karko da tsada, jarkar ruwa ta isa ta riƙe mutum har a sami wani. A ƙara da mahaɗan tiyo na daidai girman da aka yi amfani da shi a motar, da kilif, da guntun tiyo, da robar bakin masai, wadda idan ta tsage ba mai iya zama a motar. Ga yoyon rufi, salatif ɗin roba mai danƙo da ake kira butil da gam ɗin da aka yi don jikin irin waɗannan motoci su ne daidai, silikon na banɗaki kuwa yana barin saura wanda babu abin da zai sake kamawa a kansa. Ba kowane zubar ruwa ne lalacewa ba: tukunyar ruwan zafi ta Truma tana da bawul da ke buɗe kansa ya zubar da ruwa idan sanyi ya sauka wajen digiri 3, don kada ƙanƙara ta fasa ta, kuma ba ya yarda ya rufu sai wurin ya ɗumama.

Zaɓi na uku: cikakken gareji

Mai wannan zaɓi yana ƙara altaneta, da kik, da boris ɗin ƙafa, da takalmin birki, da tiyoyin lagireto, da taya ta biyu, da ƙarafan tokare mota, da injin huda, da igiyar ja, da allunan fitar da mota daga yashi ko laka. Shi ne mafi tsada nesa ba kusa ba, kuma nauyinsa na iya cinye kason fasinja guda ko fiye.

Babbar matsalarsa ita ce caca ce. Manyan sassan mota suna da yawa, kuma wanda zai lalace ba lallai ne ya kasance cikin waɗanda aka ɗauko ba. Kuɗin da aka kashe kan altanetar da za ta shekara biyar tana girgiza a akwati, da an kashe shi wajen duba wadda ke jikin motar da canza abin da ya gaji kafin tafiya, da ya fi amfani. Sababbin motoci ma sun rage wa wannan zaɓi daraja, tunda wasu sassan sai an gabatar da su ga kwamfutar motar da na'urar dila kafin su yi aiki, kuma taɓa inji a lokacin garanti na iya soke shi. Haɗarin aikin shi ma ya fi yawa, domin gyaran birki ko boris a gefen hanya, a ƙarƙashin mota mai tan uku da rabi, kuskure ɗaya ya isa. Duk da haka yana da wurinsa. Tsohuwar mota mai inji marar kwamfuta, a hannun wanda ya saba kwance ta da ɗaurawa, a hanyar da gari da gari kwana ne, tana bukatar yawancin waɗannan kaya, kuma mai ita ya san sassan da irin motarsa ta saba ci, saboda haka zaɓinsa ba na makanta ba ne.

Abin da ba ya cikin gasar

Akwai kayan da ke shiga mota ko wane zaɓi aka ɗauka: abin kashe gobara, na'urar gargaɗin hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa, akwatin taimakon farko, da alwatikar gargaɗi da riga mai ƙyalli, waɗannan biyun dokar ƙasashe da yawa ta wajabta su. Gas kuma ba a yi masa gyaran gefen hanya. Iyakar mai mota ita ce ya shafa ruwan sabulu a mahaɗa ya ga ko zai yi kumfa, ya rufe tukunya, ya buɗe tagogi, ya nemi ƙwararre. Abin da ya dace ya ɗauka shi ne mahaɗan bakin tukunya, domin kowace ƙasa da irin nata, ya kuma sani cewa gas irin na butan yana daina fitowa idan sanyi ya kusa digiri sifili, irin na furofan kuwa yana aiki har ƙasa da digiri 40 a ƙarƙashin sifili.

| Ma'auni | Ƙaramar jaka | Akwati matsakaici | Cikakken gareji |
|---|---|---|---|
| Nauyi | Kaɗan ƙwarai | Matsakaici, taya ce mafi yawansa | Mai yawa, yana iya ƙetare iyakar doka |
| Kuɗi | Mai araha, sai kuɗin agaji duk shekara | Matsakaici, ana iya tarawa a hankali | Mai tsada |
| Karko a ajiye | Ruwan toshe huda yana ƙarewa | Roba, gam da batir na son dubawa duk shekara | Tsatsa da girgiza suna cin manyan sassa |
| Ƙwarewar da ake bukata | Kusan babu | Gwaji kafin tafiya ya wadatar | Ta bakanike |
| Fashewar taya | Sai janwe | Ana ci gaba da tafiya | Ana ci gaba, har sau biyu |
| Lalacewar kayan ɗaki | Sai haƙuri | Ana gyara yawancinsu | Ana gyara yawancinsu |
| Haɗarin aikin | Ƙarami | Yana wajen ɗaga mota | Babba |

Wa ya dace da wanne

Wanda motarsa sabuwa ce tana cikin garanti, yana bin manyan hanyoyi yana kwana a sansanonin da aka tanada, ƙaramar jaka ta ishe shi, da sharaɗin ya tabbatar katin agajinsa ya rufe girman motarsa, ya kuma ƙara mitar auna wuta da robar masai, tunda ba su da nauyi. Haka ma wanda ya yi hayar motar, domin gyara na mai ita ne, da wanda sikeli ya nuna masa ba shi da sauran wuri. Mai ƙarancin ƙarfi ko tsufa da ba zai iya ɗaga taya ba, amma yana yin nisa, ya ɗauki ƙaramar jaka da safayar taya da fambel da filta, ya bar jak da soket ga wanda zai zo taimako. Iyali masu tafiyar makonni, masu tsallaka iyakokin ƙasashe ko kwana a wuraren da ba sansani, da duk wanda motarsa ta kwana biyu, akwati matsakaici ne nasu, kuma idan nauyi ya matsa, a rage ruwan da ake tafiya da shi a tanki kafin a taɓa safayar taya. Wanda ya mayar da motar gidansa na dindindin shi ma matsakaicin ne, sai dai ya ƙarfafa ɓangaren ɗaki, famfo na biyu da mahaɗan gas da kayan toshe yoyo, domin abubuwan da aka ƙera don hutun 'yan makonni shi kullum yake amfani da su. Cikakken gareji kuwa na mai tsohuwar mota ne da ya iya gyaranta da hannunsa, wanda hanyarsa za ta bi hamada ko tsaunuka inda babu janwe babu sabis, kuma ko shi sai motar tana da rajistar nauyin da zai ɗauki kayan, lasisinsa kuma ya ba shi damar tuƙa ta.